Gyaran Fata a Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Tura Mai Cikin Fata

A shagunan kayan kwalliya na Agontinkon da Zangon Kwatano, har zuwa rumfunan kasuwar Dantokpa, ciniki ya sauya salo a 'yan shekarun nan. Da can mace kan sunsuna mai ta tambayi kuɗinsa. Yanzu tambayar farko ita ce: "Hajiya, wannan yana ratsa jiki kuwa?" Masu sayarwa kuma sun tanadi amsa. Ga 'yar rola mai allurai a cikin kwalinta, ga ruwan ɓare fata a ƙaramar kwalba, ga sabulun goge, ga kuma shawarar a shafa mai a naɗe da leda a kwana da shi. Bidiyoyin TikTok da na WhatsApp suna ƙara zuga mutane, alkawarin kuwa ɗaya ne: mai zai shiga can ciki, tamoji ya baje, tabo ya goge, fuska ta koma ta ƙuruciya.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Galibin abin da muke shafawa a saman fata yake tsayawa, kuma akwai dabarun da ke ƙara masa shiga. Sai dai dabarar da ta buɗe wa sinadari mai amfani hanya, ita ce dai za ta buɗe wa mai cutarwa. Saboda haka kafin a tambayi yadda mai zai ratsa, a fara sanin abin da ke cikin robar.

Yadda Allah Ya tsara fata

Fata hawa-hawa ce. Ɓawon da ke can sama, wanda muke taɓawa, matattun ƙwayoyin halitta ne da aka jera sahu 15 zuwa 20, kaurinsu duka bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba. Wani likitan fata Ba'amurke, Peter Elias, ya kwatanta wannan ɓawo da katangar bulo: ƙwayoyin su ne bulo, wani irin kitse da ke tsakaninsu kuma shi ne siminti. Aikin katangar biyu ne. Tana hana ruwan jiki ƙafewa, tana kuma hana ƙwayoyin cuta da guba shiga.

A ƙarƙashin ɓawon akwai rayayyun ƙwayoyi da ke haihuwar sababbi, tare da waɗanda ke samar da launin fata. Sabuwar ƙwaya kan ɗauki kusan mako 4 kafin ta hau sama ta mutu ta kaɗe, kuma tafiyar tana ƙara jinkiri idan shekaru suka ja. Can ƙasa kuma akwai naman fata, inda jijiyoyin jini suke tare da kolajin, zaren da ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta. Daga shekara 20 da 'yan kai, kolajin kan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara, raguwar kuma takan yi sauri a shekarun farko bayan mace ta daina al'ada. Tamoji da sakin fata daga nan suke tasowa, shi ya sa kowa ke son mansa ya kai wurin.

Abin da ke iya shiga da wanda ba ya iya

Girman ƙwayar sinadari shi ne sharaɗi na farko. A shekarar 2000 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Bos da Meinardi, suka nuna cewa sinadarin da nauyin ƙwayarsa ya haura 500 a ma'aunin dalton da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Idan aka ɗora kayan da ke kan kanta a wannan ma'auni, abubuwa da yawa sukan fito fili. Niyasinamid yana da 122, bitamin C 176, retinol 286. Duka suna iya wucewa. Kolajin kuwa yana kai wa 300,000. Man da aka rubuta "kolajin" ɓaro-ɓaro a jikinsa zai iya sa fata laushi na yini guda, amma kolajin ɗinsa ba zai taɓa isa inda na jiki yake ba. Haka sinadarin hayaluronik, wanda galibinsa ƙato ne: amfaninsa riƙe ruwa a saman fata, kuma wannan ma amfani ne, amma ba shi aka yi wa mai saye alkawari ba.

A lura da wannan da kyau: haidurokwinon, sinadarin da ya fi yawa a man bilicin, nauyinsa 110 ne kacal. Kulobetasol, maganin sitiroyid mai ƙarfin gaske da ake zubawa a haɗin man bilicin, bai kai 500 ba. Ma'ana masu cutarwar ba sa buƙatar taimako kafin su shiga.

Sharaɗi na biyu shi ne wurin da aka shafa. Wani bincike da Feldmann da Maibach suka yi a 1967 ya gano cewa goshi yana shan maganin sitiroyid ninki 6 na abin da damtsen hannu ke sha, gefen muƙamuƙi ninki 13, tafin ƙafa kuwa kusan ba ya sha. Man da hannu ya jure, fuska da wuya da hammata da matsematsi ba lallai su jure shi ba.

Sinadaran da aka tabbatar suna aiki

Ba su da yawa. Na gaba-gaba su ne dangin bitamin A. Tiretinoyin, wanda Albert Kligman ya yi aiki a kansa a Jami'ar Pennsylvania, an amince da shi a Amurka a 1971 don maganin ƙurajen fuska, sannan a 1995 aka amince da shi don tamojin da rana ke jawowa. Magani ne da likita ke rubutawa. Retinol ɗan'uwansa ne mai sauƙin ƙarfi da ake samu a farmasi. Dukansu suna sa fata ta ƙera sabon kolajin, amma sai an yi wata 3 zuwa 6 ana shafawa kafin a ga bambanci. Mai ciki da mai neman haihuwa su nisance su gaba ɗaya.

Bitamin C yana taimakawa wajen haɗa kolajin da rage duhun tabo. Binciken Sheldon Pinnell na Jami'ar Duke a 2001 ya nuna cewa ba ya shiga sai ruwan yana da tsami sosai, kuma idan ƙarfinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ba a samun ƙarin amfani. Zafi da haske da iska suna lalata shi. Kwalbar da ta yini a kan tebur a bakin titi cikin ranar Kwatano, ruwanta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ta riga ta tashi daga aiki. Niyasinamid shi ne mafi sauƙin hali a cikinsu: yana ƙarfafa ɓawon fata, yana daidaita launi, kuma ba kasafai yake ƙona fuska ba.

Dabarun da ba su da haɗari

Ta farko ita ce tsafta ba tare da dirza ba. Gumi da ƙura da hoda suna tare mai, don haka a wanke fuska da sabulu mai sanyi da tafin hannu. Soson buhu na jiki ne, ba na fuska ba.

Ta biyu ita ce damshi. Jiƙaƙƙen ɓawon fata ya fi busasshe karɓar abu. Wanda ke alwala sau biyar a yini yana da wannan dama a hannunsa: a shafa man laushi kafin fuska ta gama bushewa. Amma retinol akasin haka yake so. Idan aka sa shi a jiƙaƙƙiyar fata yakan shiga da yawa ya jawo raɗaɗi da saɓa, don haka a bari fuska ta bushe tsaf tukuna.

Ta uku ita ce jeri. Mai ruwa-ruwa shi ke fara hawa, mai kauri ya biyo baya. Idan aka fara da basilin ko man kaɗanya, duk abin da ya zo daga baya a samansu zai zauna.

Ta huɗu ita ce rufewa. Ɗan man kaɗanya ko basilin a kan man laushi da dare yana tsare ruwa, ya sa abin da ke ƙasa ya daɗe yana aiki. Man kaɗanyar da ake kawowa daga Paraku da Jugu da Natitingu ya isa wannan aiki, musamman a watannin Disamba da Janairu da hunturu ke busar da fata. A sauran shekara, iskar Kwatano cike take da laima, mai kauri a fuska kan toshe ƙofofin gashi ya haifar da ƙuraje. Kada kuma a rufe retinol ko ruwan ɓare fata da shi.

Ta biyar ita ce cire matacciyar fata a hankali, sau ɗaya ko biyu a mako, da mai ɗauke da sinadarin gilaikolik ko laktik mai ƙarfin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ruwan ɓare fata mai ƙarfi, wanda ke sa fata ta yi ta zuba kamar an ƙone, aikin asibiti ne.

Rola mai allurai

Wannan ita ce ake yayi yanzu. 'Yar na'ura ce mai mariƙin roba, a kanta akwai ƙaramin gangan da aka jera wa ɗaruruwan allurai sirara, galibi 540. Ana birgima ta a fuska ta huda ɓawon fata, sannan a shafa mai ya bi ramukan. Asalinta daga likitoci take: Desmond Fernandes na Afirka ta Kudu yana cikin waɗanda suka fara huda fata da allurai a shekarun 1990 don tayar da kolajin, kamfanin Dermaroller na Jamus kuma ya fito da rolar a wajajen 2000. A hannun ƙwararre tana rage tabon ƙuraje.

Tsawon allura shi ne komai. Mai milimita 0.2 zuwa 0.3 ba ta nutsewa can ciki sosai, ita ce ake cewa ta gida. Mai milimita 1 zuwa sama tana kai wa ga jini, kuma ba ta da wurin zama a ɗakin kwana. A kasuwa kuwa duka a kwali iri ɗaya suke, mai sayarwa ma sau da yawa bai san bambancin ba.

Ko ta gidan tana da sharuɗɗa. Man kwalliya an haɗa shi ne don saman fata, da turare da sinadaran hana ruɓewa a cikinsa. Idan ya faɗa cikin nama, jiki kan ɗauke shi a matsayin baƙon abu ya yaƙe shi. A 2014 likitocin fata a jihar Utah ta Amurka suka ba da rahoton mata uku da fuskokinsu suka yi ƙulle-ƙulle masu tauri bayan an huda musu fata an shafa irin waɗannan mayuka, har da na bitamin C. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wasu na'urorin huda fata don gyaran tabo, amma ta ce ba ta amince da su don tura mai ko magani cikin fata ba.

Ga baƙar fata akwai ƙarin matsala biyu. Duk inda ta ji rauni takan mayar da martani da duhu, tabon kuma ya yi watanni bai tafi ba. Wasu kuma jikinsu na yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa a kunne bayan huji. Mai irin wannan jiki kada ya kusanci rola. Haka mai ƙuraje masu ruwa, domin allurar za ta kwashi ƙwayar cutar ta shuka a duk fuska. Mafi muni shi ne rola ɗaya ga mutum biyu. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma ɗigon jinin da ido ba ya gani ya isa ya ɗauke shi. Idan mai gyaran jiki ta ciro rola daga aljihun tebur, ba daga rufaffen kwali a gabanki ba, ki ce mata, "Anti, bar shi kawai."

Leda da haɗi

A nan ne ɓarnar ta fi yawa. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin masu haɗi ya san yadda ake yi: a buɗe babbar robar mai, a matse bututu biyu ko uku a ciki, a tsiyaya 'yan kwalabe, a juya da cokali, a rufe. Babu suna, babu awo, babu ranar lalacewa. Bututun nan galibi sitiroyid ne, kulobetasol ko betametazon. A jikin kwali sunayensu kan ƙare da "sol" ko "sone". 'Yan kwalaben kuwa sau da yawa haidurokwinon ne, wani lokaci har da zaiba. Ana kiransa man gyaran fata ko man hana tsufa, domin mai saye ba ta son a ce tana bilicin.

Sai a ce da ita ta shafa ta naɗe hannu da ƙafa da leda. Tun 1962 likitoci biyu, McKenzie da Stoughton, suka nuna cewa rufe fata da leda yana ninka shigar sitiroyid sau da yawa. Makonnin farko fata takan yi haske da santsi, mace ta ji daɗi. Bayan watanni sai fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsage a damtse da cinya, makero da kyasbi su samu wurin zama, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, rauni ya ƙi warkewa. Abin da ya shiga jini kuma yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga, ya kumbura fuska. Haidurokwinon idan aka daɗe ana shafa shi yakan juye ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, wanda likitoci suka bayyana a Afirka ta Kudu tun 1975, kuma da wuya ya goge. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga jariri ta ciki da ta nono. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Matsalar ta game yankin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya da kashi 59 na matan Togo suna amfani da man ƙara haske. Benin kuwa tsakanin ƙasashen biyu take, kaya na ratsa ta daga Seme zuwa Hilakonji. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana haidurokwinon a kayan kwalliya a 2016, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. A Kwatano ma mutane ba su manta da samamen da hukuma ta kai ɓangaren Ajegunle na Dantokpa a watan Fabrairun 2017 ba, inda aka kwashe tarin magungunan da ake sayarwa ba bisa ƙa'ida ba. Bututun sitiroyid magani ne, wurinsa farmasi da takardar likita.

Wadda ta daɗe tana shafa haɗi kada ta yanke shi dare ɗaya, domin fata kan yi bore da ja da ƙaiƙayi da ƙuraje, jiki ma ya galabaita. Likita ne zai tsara mata yadda za ta rage a hankali.

Dilka, halawa da lemun tsami

Gyaran amare na gargajiya ma yana buɗe fata, ko da masu yinsa ba su kira shi haka ba. Dilka tana goge matacciyar fata, halawa tana tuge gashi tare da wani sashe na ɓawon sama, turaren tsuguno da ruwan zafi suna tausasa ta. Babu laifi a cikinsu idan an yi da sauƙin hannu. Kuskuren shi ne a tashi daga halawa a shafa retinol, ko ruwan ɓare fata, ko haɗi; a bar fata ta huta kwana biyu ko uku da man kaɗanya zalla. Amarya kuma kada ta gwada sabon abu a makon biki.

Lemun tsami a fuska abin gudu ne. Yana ɗauke da sinadarin da idan rana ta haske shi yakan ƙona fata ya bar tabo mai duhu. Sabulun salo kuma da toka ake yinsa, yana da kaifi, fata kuwa ɗan tsami-tsami take so. Wanke fuska da shi safe da yamma yana narkar da kitsen da ke riƙe ɓawonta. Idan fuska ta ɗaure tana ja bayan wanka, sabulun ya fi ƙarfinta.

Rana ce babbar mai tsufar da fata

Baƙar fata tana da kariyar da Allah Ya ba ta, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana. Tsufanmu ya fi bayyana ta rarrabuwar launi: kumatu da goshi su yi duhu, tabo ya ƙi tafiya. Rana ce ke hura wannan, Kwatano kuma kusa take da tsakiyar duniya, zafin haskenta ba ya sauka sosai duk shekara. Mai zama a rumfa, da mai talla, da mai hawa zemijan (babur ɗin haya) kullum, duk suna sha. Retinol da ruwan ɓare fata da rola kuma suna ƙara wa fata raunin jure rana.

A Ostareliya an bi mutum fiye da 900 na tsawon shekara huɗu da rabi, sakamakon da aka fitar a 2013 ya nuna cewa masu shafa man kariyar rana kullum sun fi sauran ƙarancin alamun tsufar fata da kashi 24 cikin 100. Wannan mai ba ya buƙatar ratsa ko'ina, a sama yake aikinsa. A nemi mai lambar kariya 30 ko fiye, a sake shafawa bayan alwalar azahar idan za a koma rana. Mai ɗan launin hoda ya fi dacewa da baƙar fata, domin ba ya barin fari-fari kuma yana tare hasken da ke ƙara duhun tabo. Hijabi da malafa da lema da inuwa duk suna taimakawa.

Tsari mai sauƙi

Da safe: wanka da sabulu mai sanyi, bitamin C ko niyasinamid, man laushi, man kariyar rana. Da dare bayan sallar isha'i, lokacin da ba sauran alwala da za ta wanke shi: a wanke fuska, a bari ta bushe, a ɗiga retinol gwargwadon ƙwayar wake ɗaya a shafe fuska duka ban da gefen ido, sannan man laushi. A fara da dare biyu a mako, a ƙara idan fata ta saba. Sabon mai kuma a gwada shi a bayan kunne na kwana uku kafin ya hau fuska, kuma kada a fara biyu a lokaci ɗaya, don a gane wanda ya yi laifi idan an samu matsala. Barci isasshe, da barin taba da shisha, suna yi wa fata abin da babu kwalbar da za ta yi mata.

Idan fata ta yi ja ta ƙi lafawa, ko ta kumbura, ko ta fara ruwa, ko tabo yana ƙara duhu, a tsayar da komai a nemi likitan fata; akwai sashensu a babban asibitin koyarwa na Hubert Koutoukou Maga da ke Kwatano. A tafi da robar man da kwalinsa, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ake shafawa da tsawon lokacin da aka yi ana shafa shi.

'Yan'uwa mata, da mazan da su ma suka shiga wannan harka, duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba kada ya hau fatarku, balle ku huda ta ko ku naɗe ta da leda dominsa. Wanda ya yi muku alkawarin sauyi cikin mako guda, ku bar masa kayansa.